Naitirik oksayid da shanyewar ɓarin jiki: iskar da ke ceton ƙwaƙwalwa, take kuma iya kashe ta

Sai ka ga mutum biyu sa'annin juna, ɗaya daga Aboabo ɗaya daga Asawase, an kwasa an kai su asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, a Ghana, da ciwo iri ɗaya: baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiya guda ce ta toshe musu, a wuri guda. Bayan wata uku ɗayan yana takawa masallaci da sanda, ɗayan kuwa sai an juya shi a shimfiɗa. Mu a Zango mukan ce kowa da rabonsa, kuma gaskiya ne. Sai dai Allah yakan yi abu da sababi, kuma wani yanki na sababin yana tattare da wata 'yar iska da jiki ke ƙerawa da kansa, wadda ba ta wuce daƙiƙu kaɗan take ɓacewa. Ita ce naitirik oksayid, wadda masana ke taƙaitawa da NO.

Kafin a gane aikinta, sai an san abin da ke faruwa idan jini ya yanke. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shanye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. A lafiyayyen mutum, kowane giram 100 na ƙwaƙwalwa yana samun jini kimanin mililita 50 a minti guda. Idan ya faɗo ƙasa da 20, ƙwayoyin jijiya, wato ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kanta, sukan yi tsit, su daina aika saƙo, amma da ransu. Idan ya faɗo ƙasa da 10, sai su fara mutuwa cikin mintuna. Don haka gudan jinin da ya toshe jijiya yakan bar yanki biyu. Akwai tsakiya, inda jini ya yanke kusan ɗungurungum, wadda ba a cika cetonta ba. Akwai kuma gefe, inda jini ke ɗan tsattsafowa ta ƙananan jijiyoyin maƙwabta, kamar yadda direbobin tirotiro kan bi lunguna idan babban titin Kejetia ya cushe. Wannan gefen, wanda Astrup da Siesjö da Symon suka fayyace a 1981, shi ne duk abin da likita ke kokawar cetowa. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe ba a buɗe ta ba, ana asarar ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 kowane minti. Yawan jinin da ke bi ta waɗannan ƙananan hanyoyi shi ke nuna ko gefen zai jure awa ɗaya ko awa goma, kuma NO ce ke riƙe su a buɗe.

An gano ta ne kusan bisa tsautsayi. A 1980, Robert Furchgott a birnin New York ya lura cewa jijiyar jinin zomo tana sakewa idan an zuba mata wani sinadari, amma idan an goge siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikinta, sai ta ƙi. Ashe fatar ce ke fitar da wani abu da ke ce wa tsokar jijiya ta saki jiki. Sai a 1986 zuwa 1987 Furchgott da Louis Ignarro, da kuma Salvador Moncada a Ingila, suka nuna cewa abin nan NO ce, iskar da a da hayaƙin mota kawai aka san ta da shi. Tun a 1977 Ferid Murad ya riga ya nuna cewa maganin ciwon ƙirjin nan naitirogilisarin ta hanyar sakin NO yake aiki. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel, aka bar Moncada, abin da har yau wasu masana ke gunaguni a kai. Shi kansa Alfred Nobel da naitirogilisarin ya ƙera nakiyar da ta azurta shi, kuma da ciwon zuciya ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, shi likitoci suka rubuta masa.

Da an tsaya a nan, da labarin ya zo da sauƙi: iska ce mai buɗe jijiya, a ƙara ta ga wanda jijiyarsa ta toshe. Amma a 1988 John Garthwaite ya gano cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna ƙera ta, a 1991 kuma masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa tana kashe ƙwayoyin jijiya da aka rena a ɗakin gwaji. Daga nan aka shiga ruɗani. Wani ya ba ɓeraye maganin hana ƙera NO ya ga ɓarnar ta ragu, wani ya ba da irin maganin ya ga ta ƙaru.

Abin da ya warware rikicin shi ne gane cewa maƙeran iskar 3 ne, kowane da gidansa da lokacinsa. Dukkansu daga sinadarin arjinin suke ƙera ta, kuma dukkansu sai da oksijin. Na farko, eNOS, yana cikin fatar nan ta cikin jijiyar jini. Na biyu, nNOS, yana cikin ƙwayoyin jijiya. Na uku, iNOS, ba ya nan sai kumburi ya tashe shi. A 1994 ayarin Michael Moskowitz a Boston suka toshe jijiyar ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka cire musu nNOS tun daga halitta, sai yankin da ya mutu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 1996 suka maimaita da ɓerayen da ba su da eNOS, sai ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A 1997 Costantino Iadecola ya nuna cewa ɓerayen da ba su da iNOS ma sun fi samun sauƙi, amma bambancin sai bayan kwanaki ya bayyana. Magungunan farko suna rufe bakin maƙeran ukun a tare, shi ya sa sakamakon kowa ya dogara da wanda maganinsa ya fi bugu.

Aikin kariya, mafi yawansa na eNOS ne. Iskar da yake fitarwa 'yar kaɗan ce, a kai a kai. Tana ratsawa cikin tsokar jijiya ta tashi wani ɗan aike mai suna cGMP, tsokar ta saki, jijiya ta faɗaɗa. Tana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa juna, don kada gudan ya ci gaba da girma. Tana hana fararen ƙwayoyin jini liƙewa a bangon ƙananan jijiyoyi, abin da kan sa ko an buɗe babbar jijiya jini ya kasa isa ƙurya. A mintunan farko bayan toshewa, eNOS yakan ƙara himma, kuma wannan ce dama mafi tsada da gefen nan ke samu.

A cikin ƙwayar jijiyar kanta ma NO tana da hanyoyin taimako. Takan manne wa wasu furotin ta sauya musu hali. Stuart Lipton da abokan aikinsa sun nuna a 1993 cewa idan ta manne wa ƙofar NMDA, wadda kalsiyam ke shiga ta cikinta, ƙofar takan rage buɗewa. Haka take yi wa kasfes, almakashin da ƙwaya ke yanka kanta da shi idan ta yanke shawarar mutuwa, ta dakushe shi. Tana kuma ɗan taka wa mitokondiriya burki, wato injinan da ke ƙona oksijin, ta yadda ɗan abin da ya rage zai kai ga ƙwayoyin da ke nesa da jijiya. Akwai kuma wani abin mamaki da aka gani a dabbobi tun 1990: ƙwaƙwalwar da aka ɗan hana jini na mintuna kaɗan, aka sake mata, takan fi jure babbar yankewa da ta zo bayan kwana biyu ko uku. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa idan aka hana ƙera NO, wannan juriyar takan ɓace.

To ta ina ɓarnar ke shigowa? Idan ƙwayoyin jijiya suka rasa makamashi, sai su yi ta zubar da gulutamet, sinadarin da suke aika saƙo da shi. Gulutamet ya wangale ƙofar NMDA, kalsiyam ya kwararo. Shi kuwa nNOS a ɗaure yake a bakin ƙofar nan, ta hannun wani furotin mai suna PSD-95, don haka shi kalsiyam ke fara tarar wa. Sai ya yi ta fitar da NO babu ƙaƙƙautawa, a daidai lokacin da mitokondiriyar da ta jikkata ke yoyon sufa'oksayid, wani gurɓataccen nau'in oksijin mai ɓarna. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce masifar. Joseph Beckman ya nuna a 1990 cewa da sun haɗu sukan zama feroksinaitirait, guba mai cin kitsen bangon ƙwaya da furotin da DNA. Wani furotin mai suna PARP ya taso gyaran DNA, garin gyara ya ƙarar da ɗan makamashin da ya saura, ƙwayar ta mutu. Ita NO ita kaɗai ba ta kai haka sharri ba. Bayan awanni, daga kamar 12 zuwa kwanaki biyu ko uku, sai iNOS ya farka a cikin ƙwayoyin kumburi ya shiga zubar da iskar da yawan gaske, irin wadda jiki ya tanada don kashe ƙwayoyin cuta, alhali babu cutar da za a kashe sai ƙwaƙwalwar mai ita.

Ke nan duk wanda ya ce maka NO tana kare ƙwaƙwalwa, sai ka tambaye shi: daga wane maƙeri, nawa, a wace awa, kuma da wa ta haɗu?

Likitoci sun gwada, kuma ba da wasa ba. Philip Bath na jami'ar Nottingham ya jagoranci gwajin ENOS (sunan gwaji ne, ba maƙerin nan eNOS ba), wanda aka buga a 2015. An ɗauki marasa lafiya 4,011 masu hawan jini a cikin awa 48 da kamuwa, aka manna wa rabinsu filastar naitirogilisarin mai miligiram 5 kullum har kwana 7. Jini ya sauka da kusan maki 7 a ranar farko, amma bayan kwana 90 babu bambanci wajen warkewa. Sai dai mutum 273 da aka fara wa cikin awa 6 sun yi kamar sun amfana, kuma hakan ya dace da abin da aka gani a ɓeraye. Don haka aka ce a kai filastar cikin motar asibiti. Gwajin RIGHT-2 a Birtaniya, na 2019, ya ɗauki mutum 1,149 a cikin awa 4. Babu riba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma ashe ba shanyewar jiki ba ce ta same su, waɗanda kuma jijiya ta fashe musu a ka sai alamu suka nuna sun fi shan wahala da filastar. An tsayar da irin wannan gwaji a ƙasar Holan kafin a kammala saboda wannan fargabar. Ta ɗaya gefen kuma, Michael Tymianski a Toronto ya ƙera maganin nerinetayid, mai kwance igiyar PSD-95 don a raba nNOS da ƙofar kalsiyam. Ya yi aiki a ɓeraye har da birai. A gwajin ESCAPE-NA1 na 2020, mai mutum 1,105, bai nuna riba a jimlace ba, sai a tsakanin waɗanda ba a yi wa allurar narkar da gudan jini ba. Da aka sake babban gwaji a kan irin waɗannan kaɗai, ribar ba ta tabbata ba.

A ganina dalilin bai ɓuya ba. Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne, jijiyoyinsa garau, kuma an san mintin da aka toshe masa jini. Majinyacin gaske ya shekara 15 da hawan jini, wataƙila da ciwon suga a kai. Filasta kuma ba ta san hanyar kai ba, duk jijiyoyin jiki take buɗewa, jini ya sauka, alhali ƙarfin bugun jinin ne ke tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa gefen da ke jiran ceto. Ga wanda jijiya ta fashe wa kuwa, maganin da ke buɗe jijiya ya kuma hana jini daskarewa ba abokin tafiya ba ne. An gwada wata dabara a dabbobi a Jamus, aka buga a 2012: shaƙar da iskar ta hanci, jini ya ɗauke ta ya sauke ta inda oksijin ya yi ƙaranci kaɗai. Dabara ce mai kyau, amma ba ta zama maganin da ake ba masu shanyewar jiki ba.

Wannan batu na fashewar jijiya ya shafe mu kai tsaye. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da Kumasi da Accra da Kano da Zariya, da hannun likitoci irin su Fred Sarfo na nan Kumasi, ya kwatanta majinyata 2,118 da takwarorinsu masu lafiya, aka buga a 2018. Kashi 32 cikin 100 fashewa ce, ba toshewa ba, adadin da ya ninka wanda aka saba gani a Turai. Da ido ba a rarrabe su, sai da hoton ƙwaƙwalwa. Shi ya sa abin da muke yi a gida idan mutum ya faɗi, a ɗura masa asfirin, ko a sa masa ƙwayar ciwon ƙirji ƙarƙashin harshe, ko a ninka masa maganin hawan jini don a ga lamba ta sauko, caca ce da ransa. Wanda baki ya karkace masa ma bai kamata a ɗura masa komai ba, don yana iya sarƙewa ya bi ta huhu. Abin da ke da amfani shi ne a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a kira 112 ko a ɗauki tasi nan take, domin allurar narkar da gudan jini iyakarta awa 4 da rabi.

Binciken ya kuma nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankinmu ana iya danganta su da hawan jini. A nan ne labarin NO ya fi ma'ana. Hawan jini da suga da taba da yawan kitse a jini duk suna cinye wani mataimakin eNOS mai suna BH4. Idan ya yi ƙaranci, maƙerin ba tsayawa yake yi ba, sai ya koma fitar da sufa'oksayid a maimakon NO, wato mai gadi ya koma ƙera rabin gubar. Mutumin da jijiyoyinsa ke cikin wannan hali, ranar da gudan jini ya toshe masa hanya, ƙananan jijiyoyinsa ba su da abin buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matthias Endres da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa ɓerayen da aka ba sitatin, maganin rage kitse a jini, makonni biyu kafin a toshe musu jijiya sun fi tsira, a 2003 kuma suka ga irin haka ga waɗanda aka bari suna gudu. A duka biyun, da aka gwada a ɓerayen da ba su da eNOS, ribar ba ta fito ba. Gudun jini a kan bangon jijiya shi ke zaburar da maƙerin, don haka tafiyar ƙafa daga Zango zuwa Kejetia ba ƙaramin abu ba ce.

Akwai wata hanya ta biyu da jiki ke samun NO ba tare da maƙeran nan ba, kuma ta kwanon miya take bi. Ganyaye irin su alayyafo da latas suna ɗauke da naitiret. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a bayan harshe su mayar da shi naitirait, ya shiga jini, kuma daidai inda oksijin ya yi ƙaranci ne yake rikiɗa ya zama NO, wato inda maƙeran suka gaza. SIREN ya samu cewa masu ƙarancin cin ganye haɗarinsu ya fi ninki biyu. Ban ce naitiret kaɗai ya jawo haka ba, don ganye na da fotasiyam da sauran abubuwa, kuma mai cin ganye da yawa sau tari yakan rage nama. Amma mu da muke da ayoyo da kontomire da zogale, babu dalilin da zai sa miyar tuwon zafi ta koma gishiri da dunƙulen magi da ɗan kore don ado.

Su kuwa kwalaben da ake tallatawa a WhatsApp da shagunan kayan motsa jiki da sunan ƙara NO, mafi yawansu arjinin ne ko ɗan'uwansa sitirulin. Babu gwajin da ya nuna suna hana shanyewar jiki. Da aka ba masu bugun zuciya arjinin a wani gwaji a Amurka da aka buga a 2006, mutum 6 suka mutu a cikin masu shan sa, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, aka tsayar da gwajin. Maganin ƙarfin maza irin su Viagra ma a kan hanyar nan ta cGMP yake aiki, shi ya sa haɗa shi da naitirogilisarin kan iya kayar da jini warwas. Kuma sau da yawa irinsa ake ɓoyewa a cikin abin da ake sayarwa a tasha da sunan maganin gargajiya.

Inda ƙarancin NO ya fi fitowa fili a garin nan shi ne ciwon sikila. Kusan kashi 2 cikin 100 na jariran Ghana da shi ake haifar su, kuma a Kumasi marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a 1995. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna saurin fashewa, sinadarin himogulobin ya zube tsirara cikin jini, shi kuwa haɗiye NO yake yi nan take. Ƙwayoyin da suka fashe suna kuma sakin wani inzayim mai cinye arjinin, a rasa iskar a rasa kayan ƙera ta. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa jijiyoyin kan yaron su ƙuntace. Ohene-Frempong ne ya jagoranci nazarin Amurka na 1998 da ya nuna cewa kashi 11 cikin 100 na masu SS, wato waɗanda suka gaji sikila daga uwa da uba, kan yi shanyewar jiki kafin shekara 20. A nan ma ba ƙara iskar ke ceto ba. Ana auna gudun jinin kan yaro da na'urar sauti ta gefen goshi, idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa an san yana cikin haɗari. Gwajin STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. Da yake samun jini kowane wata ba abu ne mai sauƙi a wajenmu ba, likitoci a Kano suka gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu irin wannan haɗari, aka buga sakamakon a 2022, kuma ko ƙaramin awo na miligiram 10 ga kowane kilo ya riƙe adadin shanyewar a ƙasa, daidai da awo mai ninkinsa. Maganin yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, ƙwayoyi su rage fashewa, iskar da eNOS ya ƙera ta samu isa ga tsokar jijiya. Uwar da ke kai yaro asibitin sikila tana da ikon tambayar likita ko an yi masa wannan awon na gefen goshi, wanda ake so a fara tun yana shekara 2, a riƙa maimaitawa kowace shekara har ya kai 16.